'YAN KALLON KWALI: YADDA AKA YI WASA DA IDON SAMARI A ZAMANIN KORONA

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana ce duk wani mai ɗaukar hoto yake cin abinci. Idan aka ba mutum labari yana iya yin musu, amma da an ajiye masa hoto a gaba sai ya yi shiru, don a zatonsa ido ba ya ƙarya. To, 'yan kasuwar wasanni na duniya sun daɗe da sanin wannan rauni na ɗan Adam, kuma ba a taɓa ganin sun yi amfani da shi a fili, ba kunya ba tsoron Allah, kamar yadda suka yi daga 2020 zuwa 2022 ba, lokacin da annobar korona ta kori jama'a daga filayen wasa. Wannan magana ta shafi duk saurayin da ya taɓa ciro kuɗin guminsa ya miƙa a ƙofar gidan kallo, domin shi aka yi wa wannan rufa-ido, kuma har yau da yawa ba su san an yi musu ba.

A daren 11 ga watan Yuni na 2020 ne gasar La Liga ta ƙasar Sifaniya ta dawo bayan hutun dole na wata uku, inda Sevilla ta karɓi baƙuncin maƙwabciyarta Real Betis, ta ci ta 2-0. A cikin filin nan babu ɗan kallo ko ɗaya. Kujeru ne tsirara, sai 'yan wasa da masu horar da su da ma'aikatan talabijin. Amma wanda ya kalli wasan a akwatin talabijin ba haka ya gani ba. Duk lokacin da babbar kyamara ta hasko filin daga nesa, sai a ga benaye sun cika da wani abu mai launi-launi kamar taron jama'a, kunne kuma yana jin sowa da waƙe-waƙen magoya baya. Wani kamfanin ƙasar Norwe mai suna Vizrt ne ya shafa taron da kwamfuta, muryoyin kuwa daga kamfanin EA Sports aka ɗebo su, wato waɗanda a lokacin suke yin wasan FIFA ɗin nan da yara ke bugawa a shagunan gem. Da an juya zuwa kyamarar kusa sai taron ya ɓace ɓat, kujeru su bayyana, da an koma ta farko sai ga shi ya dawo. Ko kasuwar aljanu da ake ba da labari a tatsuniya ta fi wannan tsari.

Abin da ya kamata ɗan uwa mai karatu ya riƙe a nan shi ne, mutumin Sifaniya an ba shi zaɓi. In ya so ya kalli hoton da aka yi wa fenti, in ya so ya murɗa tasha ya ga filin yadda yake, ya ji ƙarar bugun ƙwallo da ihun koci. Amma hoton da aka aika wa sauran ƙasashen duniya, mai fentin ne. Wato na gida an girmama hankalinsa, na waje kuwa, irin wanda ke zaune a kan benci a rumfar kwano a Kano ko Maradi ko Zangon Kumasi, an ƙaddara cewa duk abin da aka zuba masa a akushi zai sa hannu.

Su kuma muryoyin nan, na wane ne? Na talakawan da suka yi shekara da shekaru suna sayen tikiti ne, suna ihu har maƙogwaro ya dushe. An naɗi ihunsu, an zuba a wasan kwamfuta an sayar, sannan da aka hana su shiga fili sai aka ɗauko ihun nasu aka sake sayar musu. A Ingila ma haka aka yi da gasar Firimiya ta dawo ranar 17 ga Yuni. Wani ma'aikaci ne ke zaune a ɗaki da maɓallai a gabansa, wannan na murna, wancan na tsaki, wancan na neman a busa keta. Wani lokaci ya makara, ƙwallo ta shiga raga sai daga baya a ji sowa, wani lokaci kuma ya yi gaggawa, a ji dubban mutane na murnar ƙwallon da ta wuce ta gefe. A wasan farko na ranar ma, tsakanin Aston Villa da Sheffield United, mai tsaron gidan Villa ya faɗa cikin raga da ƙwallo a hannunsa, kowa ya gani, amma kyamarori bakwai na kamfanin Hawk-Eye da aka girke musamman don wannan aiki ba su gani ba, aka tashi babu ci. Da wannan maki ɗaya Villa ta tsira daga faɗuwa a ƙarshen kakar, Bournemouth ta faɗi. Tirƙashi! Na'urar da ta iya ƙirƙiro jama'ar da babu su, ta kasa ganin ƙwallon da ke nan.

Abin tambaya shi ne, me ya kawo wannan gaggawa ta komawa fili alhali ana ta binne mutane? Amsar ba a ɓoye take ba, su da kansu suka faɗa. A Jamus an ƙiyasta cewa in ba a ƙarasa kakar ba za a yi asarar kimanin yuro miliyan 750, babban kaso daga ciki kuɗin talabijin ne, kuma jaridun ƙasar suka ruwaito cewa ƙungiyoyi 13 cikin 36 na manyan rukunoni biyu suna bakin karyewa. A Ingila ana maganar fam miliyan 762 ne da za a mayar wa gidajen talabijin. Kwangilar ta ce a kawo hoto, ba ta ce a kawo mutane ba. Sai dai hoton fili babu kowa ba ya saye da daraja, domin mai talla ba ya son a liƙa sunan lemonsa a jikin abin da ya yi kama da maƙabarta. Daga nan aka shiga neman abin da za a cike gurbin ɗan Adam da shi.

Adalci ne a ce ba duk masu riƙe da kyamara ne suka shiga wannan ha'inci ba. Masu ɗaukar hoto na jaridu, waɗanda aka rage yawansu zuwa 'yan ƙalilan, aka sa musu takunkumi a fuska, aka kafe kowa a wuri ɗaya ba motsi, aka ce duk abin da suka ɗauka su raba wa 'yan uwansu da aka bari a waje, su ne suka bar wa tarihi shaidar gaskiya. Jamus ce ta fara komawa cikin manyan ƙasashen ƙwallo, ranar 16 ga Mayu na 2020, inda Borussia Dortmund ta lallasa Schalke da ci 4-0 a filin da ke ɗaukar mutum sama da 81,000. Hotunan ranar suna nan. Ga Erling Haaland ya ci ta farko yana rawa shi kaɗai, abokansa sun tsaya nesa-nesa suna kallonsa kamar mai cutar da ake gudu. Ga 'yan benci a zazzaune da tazara, kowa fuska a rufe. Ga ma'aikaci yana goge ƙwallo da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sannan da aka tashi, 'yan Dortmund suka jeru a gaban benen kudu, wanda ke ɗaukar kusan mutum 25,000 a tsaye, suka ɗaga hannuwa suna gai da siminti. Duk wanda ya dubi wannan hoto ya san ƙasar da aka ɗauke shi ba lafiya. Irin wannan hoto ne masu kuɗin ba su so, shi ya sa cikin wata ɗaya aka nemo fenti.

Kafin ranar ma an riga an nuna wa 'yan wasa cewa kyamara ta masu gida ce. A ranar 4 ga Mayu, Salomon Kalou, ɗan ƙasar Kwaddibuwa da ke buga wa Hertha Berlin, ya kunna wayarsa kai tsaye a Facebook yana yawo a ɗakin sauya kaya. Duniya ta ga ana musafaha, ana raha kafaɗa da kafaɗa, har ya kutsa ɗakin da ake yi wa wani abokinsa gwaji. A lokacin nan kuwa hukumar gasar tana ta nuna wa gwamnati dogon kundin ƙa'idojin tsafta don a ba ta izinin komawa. Ba a kwana ba aka dakatar da shi. Babu shakka ya karya doka, amma ba shi kaɗai ne a hoton ba, hannun da ya miƙa ai wani ne ya karɓa. Laifinsa babba shi ne ya nuna ɗakin da ba a share don baƙi ba.

Sai kuma aka shigo zamanin kwali. A garin Mönchengladbach magoya baya ne da kansu suka ƙirƙiro dabarar, mutum ya aika hotonsa da yuro 19, a buga a jikin kwali mai tsayin rabin mutum a ɗaure a kujerarsa. Da Bayer Leverkusen ta zo ranar 23 ga Mayu, kwalaye kimanin 13,000 ne suka tare ta, kuma a gabansu ta ci masu gida 3-1, ba wanda ya ce uffan. Waɗanda suka fara abin da kyakkyawar niyya suka yi, wani kaso na kuɗin ma ayyukan agaji ya tafi, kuma a cikin filin an rataye kyallaye na nuna ƙin abin da Jamusawa suka raɗa wa suna wasannin fatalwa. Amma ɗan kasuwa ba ya ganin niyya, riba yake gani. Nan da nan ƙungiyoyi daga Ingila har Amurka da Ostireliya suka buɗe kasuwar kwali. A da mutum yana biya ne ya shiga ya kalli wasa, yanzu sai ya biya a hana shi shiga, a ajiye hotonsa ya ƙawata wa mai gida kaya. Shi kwali ba ya jifa, ba ya zagin shugaban ƙungiya, ba ya ƙorafin tsadar tikiti, ba ya buƙatar 'yan sanda ko banɗaki. Wallahi da za a tona zuciyar wasu masu ƙungiyoyi, da an tarar ba su taɓa samun ɗan kallon da ya kwanta musu a rai kamar wannan ba.

Da yake ramin ƙarya ƙurarre ne, ba a je ko'ina ba asiri ya fara tonuwa. A Ostireliya, a wani wasan zari-ruga, sai ga hoton Harold Shipman a cikin 'yan kallo, likitan nan na Ingila da bincike ya tabbatar ya kashe marasa lafiyarsa sama da 200. Wani ne ya biya kuɗi ya aika, aka karɓa aka buga, don mai karɓar kuɗin ba fuska yake dubawa ba. A Koriya ta Kudu kuwa abin ya kai ga ƙazanta. Ranar 17 ga Mayu ƙungiyar FC Seoul ta jera mutum-mutumi a kujeru sanye da rigunan ƙungiya, sai masu kallo a gida suka gane cewa 'yan tsanar batsa ne, wasu ma riƙe da allunan tallan masu sana'ar. Aka ci ƙungiyar tarar won miliyan 100, ta fito tana ba da haƙuri wai ba ta sani ba. Wannan shi ne matsayin ɗan kallo a wurinsu, gurbi ne mai siffar mutum, ko da me aka cike shi daidai ne.

Wani zai ce, to mene ne na zafi? Mutane suna cikin kulle, hankali a tashe, an samo musu abin ɗebe kewa, kuma ai kowa ya san filin babu kowa, wa aka yaudara? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai hana wanda ke cikin ƙunci ya sarara. Amma in kowa ya sani, fentin na mene ne? Ba a kashe kuɗi a kan abin da ba ya aiki. Aikinsa shi ne ya sa zuciya ta manta abin da kai ya sani, mutum ya zauna minti 90 yana jin kamar duniya lafiya lau, ya ci gaba da biyan kuɗin wata, ya ci gaba da yankar tikitin caca. Ai samari ba su manta ba, a watannin Maris da Afrilu da aka rufe ko'ina, kamfanonin caca gasar ƙasar Belarus suka koma tallatawa, don shugabanta Lukashenko ya ƙi yarda akwai abin tsoro, har yana ba mutane shawarar giya da wankan tururi. Yaran da ba su iya furta sunan ƙungiyoyin ba suka riƙa zuba kuɗi a kansu.

Sannan akwai hotunan da wannan sowa ta ƙarya ta zo ta danne. A ranar 19 ga Fabrairu na 2020, mutanen garin Bergamo na Italiya kimanin 40,000 suka yi ɗango zuwa filin San Siro da ke Milan, don ganin ƙungiyarsu Atalanta ta kara da Valencia a gasar zakarun Turai. Suka ci 4-1, sau huɗu ke nan ana rungumar juna. Hotunan daren cike suke da farin ciki, kuma ba a zargin kowa, domin a lokacin ba a san cutar ta riga ta shiga gari ba. Bayan wata ɗaya cif, daren 18 ga Maris, wani mazaunin Bergamo ya leƙo daga barandar gidansa ya ɗauki hoto da wayar hannu: jerin motocin soja ne a kan titi, ɗauke da akwatunan gawa zuwa wasu garuruwa, saboda na garin sun fi ƙarfin masu aikin. Likitocin yankin da magajin garin sun ambaci wancan wasa a cikin abubuwan da suka hura wutar. Na Bergamo ke nan, da ba su sani ba. Na Liverpool fa? A ranar 11 ga Maris, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, aka bar magoya bayan Atletico Madrid kimanin 3,000 suka sauka Liverpool suka shiga cikin taron mutum sama da 50,000 a Anfield. A lokacin an rufe makarantu a Madrid, an kuma riga an yanke cewa wasannin Sifaniya ba 'yan kallo za a yi su. Mutumin da aka hana shi shiga filin garinsu, an sayar masa da tikitin filin garin wasu.

Ba sai an je Turai ba ma. Duk ɗan Kano ya san abin da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya koma a 2020, wurin killace masu cutar ne, gadaje a inda ake taron Sai Masu Gida, har ta kai Kano Pillars ta koma Kaduna da buga wasanninta na gida a kakar da ta biyo baya. A watan Afrilun shekarar masu haƙar kabari ne suka fara faɗa wa duniya cewa aikinsu ya ninka, daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 aka ƙirga, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana jin korona ce sanadi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wata biyu bayan wannan ne aka kunna wa 'ya'yansu da jikokinsu sowar maɓalli.

A Amurka salon ya bambanta amma zuciyar ɗaya ce. Hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta kwashe ƙungiyoyi 22 ta killace su a gandun shaƙatawa na Disney da ke jihar Florida, ana gwada kowa kullum, sakamako na fitowa kafin gari ya waye, a daidai lokacin da jihar ta taɓa samun sabbin masu cutar sama da 15,000 a rana ɗaya, talakawanta kuma suna jiran sakamako kwana da kwanaki. A gefen fili aka kafa manyan allunan haske, ana nuno kawunan mutum kimanin 300 daga ɗakunansu ta intanet, an dasa kowane kai a kan zanen kujera.

Amma inda aka fi tsiraita manufar shi ne Tokiyo. An ɗage wasannin Olamfik daga 2020 zuwa 23 ga Yuli na 2021, kuma da lokacin ya matso mutanen Japan suka ce ba su so. Wani jin ra'ayi da jaridar Asahi ta yi a watan Mayu ya nuna kashi 83 cikin 100 suna son a soke ko a sake ɗagewa. Masu shirya wasannin suka nemi a ba su ma'aikatan jinya 500 daga asibitocin da ke nishi. Birnin yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Duk da haka aka yi, domin a yarjejeniyar da aka sa wa hannu kwamitin Olamfik na duniya ne kaɗai ke da ikon sokewa, shi kuwa kusan kashi 73 cikin 100 na kuɗin shigarsa a shekarun 2013 zuwa 2016 daga sayar da hoto ya fito. Gidan talabijin na NBC kaɗai ya biya dala biliyan 4.38 a kan wasanni huɗu, na Tokiyo ne cikon na huɗun. Saboda haka aka hana mutanen gari shiga filin da aka gina da harajinsu, mai kujeru 68,000, aka bar kyamarori. Aka yi sa'a kuma tun kafin annoba an yi wa kujerun launi barkatai, fari da kore da ruwan ƙasa, ta yadda daga nesa sai a rantse mutane ne a zaune. Aka kunna sowar da aka naɗa a wasannin baya. A daren buɗe taro, duk lokacin da kiɗa ya lafa, ana jiyo muryoyin masu zanga-zanga daga waje, su ne kaɗai sahihin taron jama'a da aka ji a daren.

Ɗan uwa mai karatu ya dubi wannan ƙa'ida da kyau, don ita kaɗai ta isa hujja. An ce ɗan wasan da ya ci lambar yabo ba za a rataya masa ba, a faranti za a miƙo ya ɗauka ya rataya wa kansa, kuma fuskarsa a rufe. To, kwana biyu da farawa sai aka sassauta, aka ce an yarda ya cire takunkumi na daƙiƙa 30 a kan dandamali. Don ya sha iska? A'a, don a ɗauki hoto. Wato cutar da ta hana uwa zuwa ganin ɗanta a ranar da ya yi shekaru yana wa tanadi, ita ce aka ce ta dakata rabin minti saboda mai kyamara. A ranar 5 ga Agusta, ana tsakiyar rabon zinare, Tokiyo ta ƙirga sabbin masu cutar 5,042, adadin da ba ta taɓa gani ba kafin nan, gwamnati kuma ta ce wanda ciwonsa bai yi tsanani ba ya yi jinya a gida. Kwana tara bayan rufe wasannin, wata mai juna biyu da ke ɗauke da cutar a lardin Chiba, maƙwabcin Tokiyo, ta rasa asibitin da zai karɓe ta, ta haihu a gida bakwaini, jaririn ya rasu. Ana bikin duniya ake na ƙiyama.

Masu ƙungiyoyin Turai sun ɗauki darasi daga shekarar kwali, sun ga kuɗi na shigowa ko babu kowa a kujera. A ranar 18 ga Afrilu na 2021 manyan ƙungiyoyi 12 na Ingila da Sifaniya da Italiya suka sanar da gasarsu ta kansu, wadda bankin JP Morgan na Amurka zai zuba wa kuɗi, wadda kuma waɗanda suka kafa ta ba sa faɗuwa komai lalacewarsu. Lissafinsu ba a kan mutanen unguwar da ta haifi ƙungiyar yake ba, a kan miliyoyin masu kallo na nesa yake, na Asiya da Afirka, waɗanda ba sa iya tare ƙofa. Sai na kusa suka tare ƙofar. Magoya bayan Chelsea suka datse hanyar motar 'yan wasa a Stamford Bridge, cikin kwana biyu shirin ya ruguje, sannan ranar 2 ga Mayu na Manchester United suka kutsa Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Wannan karon mutane na gaskiya ne suka shiga hoto ba da gayyata ba. Su kuwa na nesa, da aka gina lissafin a kansu, suna gidan kallo suna ba hamata iska a kan wa ya fi wani tsakanin Messi da Ronaldo.

Da abin ya iso Afirka sai ya juye, amma kyamarar dai ita ake bauta wa. An buɗe gasar cin kofin nahiyar a Kamaru ranar 9 ga Janairu na 2022, kuma Najeriya a Garwa ta yi wasanninta, garin da ake ciniki da Hausa da Fulatanci a kasuwarsa, inda ta ci Masar da Sudan da Gini Bisau kafin Tunisiya ta fitar da ita. Hukumar CAF ta ce ba mai shiga fili sai da shaidar riga-kafi da ta gwaji, kuma kashi 60 cikin 100 na kujeru za a cika, 80 in masu masauƙi ne ke wasa. An kafa wannan sharaɗi a ƙasar da waɗanda suka yi riga-kafin ba su taka kara sun karya ba, a nahiyar da ƙasashe masu arziki suka bari a ƙarshen layi. Sakamakon haka wasannin farko a garuruwa da dama suka fito a talabijin da kujeru wayam, abin ya zama abin kunya ga gwamnatin da ta kashe maƙudan kuɗi a gine-gine. Ba ta da fentin kwamfuta, amma tana da talakawa. Aka rage lokacin aiki da na makaranta, a tashi ɗalibai ƙarfe 1, ma'aikata ƙarfe 2, aka shiga rabon tikiti kyauta, manyan gari suna ɗebo jama'a a motoci, binciken takardun lafiya kuma ya yi laushi. A cika fili kawai, duniya na kallo.

A ranar 24 ga Janairu Kamaru ta haɗu da tsibirin Komoros a filin Olembe da ke Yawunde, mai ɗaukar mutum 60,000. Korona ta kama mutum 12 a tawagar Komoros, har da kocinsu da masu tsaron gida biyu, na ukun kuma yana da rauni. Ɗaya ya warke a ranar wasan, CAF ta ce bai cika kwanakin killacewa ba, wasa kuma ba za a ɗage ba. Sai aka sa ɗan baya, Chaker Alhadhur, a raga, aka gyara lambar rigarsa da salatif. Hoton wannan riga ya zagaye duniya a daren, ana dariya ana jinjina, ya yi ta ture ƙwallaye da ɗan wasa ɗaya a waje tun minti na 7, da ƙyar Kamaru ta ci 2-1. A daidai lokacin da kyamarori ke kan salatif ɗin nan, a ƙofar kudu ta filin jama'a sun matsu a bakin ƙofar da aka rufe, na baya na turo na gaba. Mutum 8 suka mutu, har da yara, 38 suka jikkata. Ba a tsayar da wasan ba, masu kallo a gida sai bayan an tashi suka ji. Washegari shugaban CAF, Patrice Motsepe, ya ce ƙofar kamata ya yi a ce a buɗe take, kuma ba a san dalilin rufe ta ba. Aka ɗauke wasa ɗaya daga filin. Ranar 3 ga Fabrairu aka dawo da wasan kusa da na ƙarshe, ranar 6 ga wata kuma a nan Senegal ta ɗaga kofi bayan ta doke Masar a bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka harba wutar ado sama, hotuna suka fito tas.